Randar da ke Yoyo

Shekarar da kamfanin yuraniyom ya rage ma'aikata aka horar da mu a Arlit kan koyar da lissafi, aka tura ni Gugaram a matsayin mushe, wato malami. Fari da tawaye sun kwashe iyalai, kuma idan ragowar yaran suka tafi, za a rufe lakwal, wato makarantar.

Na karanta musu tambayar da aka koya mana: famfo yana zuba cikin randa, randar tana yoyo, yaushe za ta cika?

Can wata yarinya ta ce, "Mushe, ina randar take? Mu je mu tara."

Babu wanda ya lissafa komai. Idanunsu suna bin ruwan da babu shi.

Washegari suka dawo, har da ƙannensu, su ji ko ta cika.