Sunayen Da Na Sayar

Ku matso, 'ya'yana. Ni ungozoma ce. Daga unguwar Adjamé har ta Treichville, in mace ta haihu ni ake kira. Na san ranar da kowa ya faɗo duniya, na san sunan uwarsa, har sunan yankan da ake ɓoyewa.

Akwai wani Musa mai siba, wato shagon kwamfuta, a unguwar 220 Logements, yana yanka wa mutane tikitin jirgi ta intanet. Ya ce, "Inna, kawo mini mata, ni da arha nake yi." Na kawo, ya ba ni na goro. Sai ya ce na'urar na tambayar ranar haihuwa da sunan uwa, mata kuwa ba sa gaya wa baƙon namiji. Na ce, "Ai duk suna cikin kaina." Tun ina kai masa na matafiya, har na shiga karɓo katin shaidar waɗanda ba za su ko'ina ba, yana ɗaukar hoto. Na ce wa zuciyata, suna ai ba zane ba ne, in an ɗauka mai shi ba ta tsiraici.

Ashe tana yi. Rabi, wadda ni na yanke wa cibiya, katinta ma na kai masa, ta tashi zuwa Yamai duba uwarta. A filin jirgi 'yan sanda suka riƙe ta: an yi ta sayen tikiti da sunanta, da katin banki na sata. Kafin a sake ta, uwar ta rasu. Musa ya gudu, ni na yi shekara biyu a kaso.

Da na fito, ko gaisuwata ba a amsawa. Wata Juma'a a ƙofar babban masallacin Treichville na hango Musa, ya tsayar da gemu, mata sun kewaye shi da katunansu. Na damƙi rigarsa.

"Inna, kama ce! Ba ni ba ne!"

"Ni da nake gane jariri da kukansa, kai ne za ka ɓace mini?"

Na tona asirin kaina, na tona nasa, ban sake shi ba sai a hannun hukuma.

'Ya'yana, kada ku miƙa wa na'ura sunanku sai kun san wanda ke bayanta. Na wani kuwa amana ce, kada ku taɓa.

Bayan wata uku Rabi ta haihu, ta aiko a kira ni. Na tsaya bakin ƙofa ina hawaye, na kasa shiga. Ta miƙo mini jaririyar, ta ce, "Inna, ruwan wankan na hucewa."