Bulala Ta Bakwai

Ni karatuna aji uku ne, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Amma da aka kafa 'yan sintiri a unguwarmu, ni aka danƙa wa dorina, wai hannuna ba ya rawa.

Wata Laraba aka nemi kan keken ɗinkin wani tela a Wunti aka rasa. Mutum biyu aka kawo mana: wani ƙato mai tura kura, da wani siririn mai wankin hula da ba ya rabo da tari. Ƙaton ya sha bulala arba'in, ko uffan. Mai wankin hula kuwa a ta bakwai ya ce, "Ni ne, don Allah ku bari." Muka yi kabbara. Aka zaga kasuwa da shi, kotu ta ɗaure shi. Yana ciki aka ga keken a Zungur, gidan surukin ƙaton. Babu wanda ya je ya faɗa wa alƙali. Ni ma ban je ba.

Bara jikata mai karatun lauya tana bita a tsakar gida, na ce, "Amarya, me kike ta ƙunƙuni?"

"Ba za ka gane ba, tsoho."

"Gwada ni."

Ta ce littafin wani saurayi ne ɗan Italiya, shekara fiye da ɗari biyu ke nan, mai kunya, matsoraci ma, don da farko ko sunansa bai sa a littafin ba. Wai duka ba gaskiya yake aunawa ba, ƙarfin jiki ne: ɓarawo mai taurin ƙashi ya kuɓuta, mai gaskiya marar ƙarfi ya amsa laifi.

Na ce, "Shi ma ya taɓa riƙe dorina ne?" Ta yi dariya.

Mai wankin hular yana nan Ƙofar Wambai, furfura ta cika masa kai, har yau ɓarawon keke ake ce masa. Na kwashi huluna uku, tsaf suke, na kai masa wanki. Na yi ta kame-kame, can na ce, "Malam, ka yafe mini."

Bai ɗago daga kan bokitinsa ba. "Na yafe."

Har na fara hamdala, ya ƙara: "Ai ka san ni, Alhaji. Duk abin da kake so in faɗa, faɗa nake yi."

Ya ce in dawo jibi in karɓi hulunan. Suna can har yanzu.