Rabin Maganar Gwaggona Da Na Watsa A Waya

Edita da masu karatu, ina gaishe ku. A lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Na zauna jarrabawar bak ta gama sakandare sau biyu ban samu ba, sai na haƙura da karatu na kama sana'a a Dogon Dutsi. Ba ni da shago, wayata ce shagona. In ɗauki hoton atamfa ko takalmi in watsa a gurup-gurup na mata, wadda ta ga ya yi mata ta kira ni, in ba mai babur ɗin kabu-kabu ya kai mata har gida. Sana'ar tana tafiya, ni kuma kaina ya fara girma. Gani nake na fi duk mutanen gidanmu sanin duniya, don kawai na gane abin da ke sa mutum ya tsaya ya kalli abu a waya da abin da ke sa ya wuce.

Ƙauyenmu yana kusa da Tibiri, can gwaggona take, yayar mahaifina. Ita ta raine ni tun ina shekara huɗu da mahaifiyata ta rasu. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma rabin 'ya'yan unguwar a bayanta suka yi barci. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ba ita kaɗai take yi ba, tare suke da aminiyarta wadda muke ce wa Inna. Darni ɗaya ne ya raba gidajensu. Tare suka yi 'yan matanci, shekara ɗaya aka yi musu aure, kuma tun kafin a haife ni kaskonsu ɗaya. Gwaggo ke suya da matsar mai, Inna ke murza ƙuli. Gwaggo mai baki ce, in ta fara barkwanci mai sayen mai sai ta manta da tukunyar da ta bari a kan wuta. Inna kuwa shiru-shiru ce, ko dariya take sai dai ka ga kafaɗunta suna motsi. Babban ɗan Inna, wanda nake kira Yaya, malamin makaranta ne, duk gari Mushe ake ce masa, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Gwaggo ce ta yi masa wankan farko ranar da aka haife shi, shi ya sa ko da ya yi gemu ya tara iyali ba ta daina zolayarsa ba, shi ma bai daina tsugunawa ya gaishe ta ba.

Da kaka ta yi, sabuwar gyaɗa ta shigo, sai na je gida kwana biyu. Lokacin zaɓen kansiloli ya kusa, Yaya kuma ya fito takara. A daidai wannan lokaci famfon garin ya yi watanni a lalace, shi ne kuma shugaban kwamitin da ke kula da shi. Da la'asar Inna ta shiga gida yin salla, Gwaggo tana matsar tunkuza, mai na tsattsafowa a turmi, abin ya yi mini kyau sai na ɗaga waya na fara ɗaukarta. Ban gaya mata ba, ita a zatonta saƙo nake dubawa. Wata maƙwabciya da ta zo sayen mai ta tambaye ta wa za ta zaɓa. Gwaggo ta ajiye muciya ta ce wai yaron da famfo guda ya gagare shi shi ne zai riƙe gari, ta ce ta san shi tun yana tsirara yana kuka in ya ga akuya, ta kwaikwayi yadda yake tsayawa gaban famfon yana sosa kai, har maƙwabciyar ta riƙe ciki. Da dariya ta lafa sai muryarta ta sauko. Ta ce tun ranar da famfon ya tsaya, kullum kafin ya tafi makaranta sai ya ɗauko musu ruwa jarka biyu a kan babur daga wani ƙauye, ita da uwarsa da sauran tsofaffin unguwa. Ta ce sau uku yana zuwa Dutsi neman ƙarfen da ya karye. Ta ce ko a goye za a kai ta rumfar zaɓe, shi za ta dangwala wa, don yaro ne mai tsoron Allah.

Da na koma Dogon Dutsi na kalli bidiyon, na ga ya yi tsawo. Na san mutanenmu, ba mai ƙona kuɗin wayarsa a kan doguwar magana. Sai na yanke shi daidai inda dariya ta fi ƙarfi, na bar sauran a waya. Wallahi ban yi nufin cutar da kowa ba. Abin da ke raina kawai a ga gwaggona, a ga man gyaɗarta, a saya. Na rubuta a ƙasa cewa ga ƙulin da ya fi na kowa daga hannun tsohuwar da ta fi kowa baki, na sa lambata, na tura a gurup na 'yan ƙauyenmu mazauna birane.

Kafin kwana uku wayata ba ta hutawa. Daga Dosso ake kira, daga Yamai, har daga Birnin Kabi, kowa ƙulin tsohuwar nan yake so. Na dinga aikawa gida a ƙara suya, ana sako mini a motar kasuwa ina rarrabawa a tasha. Gwaggo ta yi ta sa mini albarka, tana gaya wa mutane ɗiyarta ta buɗe mata kasuwa a cikin waya. Ba ta san da wace magana aka buɗe ta ba. Ana cikin haka samarin ɗan takarar da ke hamayya da Yaya suka ɗauki bidiyon. Suka cire rubutuna, suka liƙa hoton Yaya, suka sa kiɗa, suka maimaita wurin da Gwaggo ke sosa kai har sau uku, suka rubuta cewa ko wadda ta yi masa wankan haihuwa ta san ba zai iya ba. Daga nan suna ya fito, Mushe Famfo. A majalisar shayi shi ake kunnawa, a bakin kasuwa shi ake kunnawa. Na kira ɗaya daga cikin samarin na roƙe shi ya cire, ya yi dariya ya ce ai ni na fara fitar da shi, su taya ni talla kawai suka yi. Cikakken bidiyon yana nan a wayata, da na so a ranar zan iya fitar da shi. Ban yi ba. Tsoro nake a gane ni na yanke, kuma gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce ciniki yana tafiya, ban so ya tsaya ba.

Inna ba ta da waya, amma a wurin wani bikin suna aka kunna bidiyon a bayanta, ta ji muryar aminiyarta tana yi wa ɗanta dariya a gaban duniya. Ba ta ce wa kowa komai ba. Washegari ba ta fito wurin suya ba, da Gwaggo ta leƙa sai ta ce gwiwoyinta ne ke ciwo. Haka jibi, haka gata. Mutanen gari duk sun san dalili, amma ba wanda ya iya gaya wa Gwaggo. Ran nan ta ari wayar maƙwabta ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce in nemo mata man shafawa mai kyau na ciwon gwiwa a Dutsi, ko nawa ne, don ƙawarta ta yi kwana goma ba ta fito ba, ko tuwon da take aika mata ba ta ci sosai. Na ce to. Na je na sayo man na aika, alhali na san sarai ba gwiwa ba ce. A duk abin da na yi, wannan ne har yau in na tuna nake jin kunyar kaina.

Yaya ne ya zo ya same ni a tasha wata ranar kasuwa da hantsi, ina ɗaure kwali. Da na gan shi na tsuguna na gaishe shi ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya tambaye ni sana'a, sannan ya ce abu ɗaya ya kawo shi, yana so ya san ko maganar tana da saura, don shi ya san Gwaggo, ba ta taɓa zolayarsa ta tsaya nan ba. Ya ce zaɓe na Allah ne, bai dame shi ba, amma uwarsa tana ramewa a ɗaki, Gwaggo kuma tana zarya a ƙofa da robar magani. Sai na fashe da kuka. Na miƙa masa wayar ya kalla har ƙarshe. Da ya gama sai ya ce in rufe kayana in biyo shi gida.

Na tarar da Gwaggo ita kaɗai gaban kasko. Na zauna kusa da ita na nuna mata wanda samarin suka gyara. Da farko dariya ta yi da ta ga kanta, tana cewa ashe haka haƙoranta suka zube. Da hoton Yaya ya fito, kiɗan ya tashi, sai dariyar ta tsaya. Ta dube ni ta ce, "To ina sauran, ɗiyata?" Na ce ni na yanke shi. Ta tambaye ni tun yaushe abin yake yawo, na gaya mata. Ta tambaye ni ko lokacin da na aiko da man gwiwa na sani, na ce na sani. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, ni da na saba jin bakinta tun daga bakin hanya. Ta janye itacen wuta, ta wanke hannu, ta yafa gyale, ta kama wuyan hannuna kamar yadda take yi in za ta kai ni makaranta ina ƙarama, ta ja ni zuwa gidan Inna.

Inna tana zaune a tabarma ta juya mana gefe. Gwaggo ba ta yi bayani ba, ta ce in kunna daga farko, kada in tsallake ko numfashi. Muka zauna mu uku muna saurare. Da aka zo wurin jarkokin ruwa, Inna ta ce a mayar baya. Na mayar. Ta sake cewa a mayar. Bayan nan ta ce ba dariyar gari ce ta kwantar da ita ba, abin da ya ci mata rai shi ne ta ɗauka aminiyarta jira ta yi sai ta shiga salla sannan ta faɗi abin da ke cikinta a kan ɗanta. Gwaggo ta ce mata haba, ita da take gaya masa abin da ya fi wannan a gaban idonsa, a gaban matarsa ma, mi za ta ɓoye? Sai na ga kafaɗun Inna sun fara motsi, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ni kuma na durƙusa na nemi gafararsu. Inna ta ce ta yafe mini don na girma a gabanta, amma in tashi in ɗebo musu ruwa, ta gaji da ganin fuskata a jiƙe.

A ranar na fitar da cikakken bidiyon a duk gurup ɗin da nake ciki, tare da saƙon murya ina faɗin abin da na aikata. Wasu sun yaba, wasu sun zage ni, amma mafi yawa ba su ko buɗe shi ba, don ya yi musu tsawo. Gajeren ya ci gaba da yawonsa. Yaya bai ci zaɓen ba. Ban isa in ce bidiyon ne ya kayar da shi ba, shi ma kullum cewa yake ba shi ba ne, amma ni ban taɓa samun natsuwa a kan haka ba. Famfon an gyara shi daga baya, da ƙoƙarinsa, sunan kuwa bai goge ba, har ɗiyarsa ta taɓa dawowa daga makaranta tana kuka an kira ta ɗiyar Famfo. Gwaggo da Inna sun koma kaskonsu, har yanzu ni nake sayar musu da ƙuli a birni. Sai dai Gwaggo ta fi shekara in tana cikin hira ta ga wani ya ciro waya daga aljihu, sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai ga aikinta. Tsohuwar da duk unguwa ke zuwa shan dariya wurinta, ni na koya mata tsoron bakinta.

Abin da na koya shi ne ba sai ka ƙara ko kalma ɗaya ba za ka iya yi wa mutum ƙarya, ya isa ka cire abin da ya faɗa daga baya. Na kuma koya cewa abin da ka saki a waya ya fita hannunka, wanda zai ɗauka bai san Gwaggo ba, bai san Inna ba, bai san shekarun da suka yi tare ba, abin da zai amfane shi kawai yake nema. 'Yan uwana masu sana'a a waya, musamman mata irina, ku ji tsoron Allah a kan tsofaffinmu. Suna sakin jiki a gabanmu ne don mu 'ya'yansu ne, ba don duniya ta kalla ba. Kada ki ɗauki kowa sai ya sani, kada ki watsa sai ya ga abin da za ki watsa ya yarda. In kuma kin riga kin yi kuskure, ki faɗa a ranar da kika gane, kada ki jira ciniki ya lafa. Ni na yi sa'a, waɗanda na cuta suna da rai, kuma suna sona fiye da yadda na cancanta. Ba kowa ke samun su a zaune suna jiransa ba.