Ranar da Janar ya faɗi a Kudan

Edita, a zamanin soja, lokacin da ko sabulu sai an yi layi, ni matashin dillalin hatsi ne a Makarfi, ga rawar kai. Babu tarho a wajenmu, sai na haɗa kai da wani abokina Kirista, mutumin kudancin Kaduna mai gyaran rediyo, muka kafa oba-oba, wato rediyon aika magana, a Makarfi da Ikara da Kudan. 'Yan kasuwa na biya su ji farashin masara da barkono, su san inda motocinsu suka tsaya. Lasisin da sunansa aka yi, don shi ya iya turancin ofis.

Da sana'a ta karɓu sai idona ya tsallaka iyaka. Na ce mu kai na'ura Maraɗi, tunda muna da masu saye a can. Abokina ya ce magana ta iska tsakanin ƙasa biyu ba wasa ba ce, gwamnatin da ke tsoron juyin mulki kunnenta na ko'ina, mu jira izini. Na ce masa matsoraci. Na yi abin da kowa ke yi a lokacin, na nemo wani babba mai shiga gidan gwamnati na ba shi kaso, ya ce in ci gaba, izini zai biyo baya. A Maraɗi ma na jingina da wani attajiri, na kafa na'ura a wajensa. A ganina na gama siyasa.

To akwai wata tsohuwar babbar mota da direbobi ke kira Janar, don ba ta kauce wa kowa a hanya. Wata ranar kasuwa sai motar ta kife kusa da Kudan da masarar attajirin. Na ɗauki na'ura ban yi tunanin komai ba na ce, "Maraɗi, Maraɗi, Janar ya faɗi, ku turo mutanenku, oba."

Washegari masu farin kaya suka kwashe na'urorin, suka tafi da mai lasisi. Na yi ta yawon ofis-ofis ina rantsuwa mota ce, har na gaji da jin muryata. Babban namu ya ce bai taɓa ganina ba. Attajirin ya jefa tasa na'urar a rijiya. Abokina ya daɗe a tsare, da ya fito kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan sai an ɗaga murya. Mutumin da da kunne yake gane ciwon rediyo! Ya tattara iyalinsa ya koma garinsu noman citta. Bai zage ni ba, kuma da ya zaga da na fi samun sauƙi.

Na gaji da ɗaukar abin nan ni kaɗai, shi ya sa na rubuto. Matasa masu son kai sana'a ƙetare, kada ku ɗauki alfarmar babba a matsayin izini, kuma ku duba wuyan wa kuka sa a gaba kafin ku yi ƙarfin hali. Yau kowa da waya a aljihu. Idan na kira abokina matarsa ke ɗauka, ta ce yana gaishe ni.