Zomanyata ta yi wa Sa'a gurnani

Jama'a, yau zomanyata ta sa ni zargin maƙwabciya!

Tun da na sayo ta a kasuwar Waca ban san muryarta ba, sai ɗan ƙas-ƙas na haƙora in ina shafa ta, alamar jin daɗi. To, jiya 'ya'yanta biyu suka ɓace.

Yau da hantsi maƙwabciyata Sa'a ta shigo aron turmi. Zomanya ta bar harawarta, ta hau dukan ƙasa da ƙafa tana gurnani. Zomo kuwa sai ya tsorata yake haka.

Na ce, "Sa'a, me kika yi mata?"

Ta ce, "Wallahi Yaya, ban ga 'ya'yanta ba."

Ni ko maigidana ban gaya wa sun ɓace ba.