Wazirin Farisa da Igiyar Awo

A shekarar da Turawa suka zo kafa ƙarafan iyaka a arewacin Illela, hankalin kakarmu Inna Delu ba a kwance yake ba. Gonarta tana can wajen, kuma a gefen gonar aka binne mijinta. Duk da haka bayan isha'i mukan zagaye murhunta tana gasa mana gujiya, tana tsokanata wai ni ne maigidanta marar ko akuya.

Wata rana ta ajiye tatsuniyar gizo, ta ɗauko labarin da ta ji a bakin wani alhaji da ya je Makka a ƙasa, na wazirin sarkin Farisa. Ɗan talakawa ne. Daga riƙon takalmin sarki ya faro, ya zama mai kula da kasuwa, ya zama jakada, har ya kai waziri. A al'adarsu duk wanda aka ɗaga sai sarki ya yafa masa alkyabba, wanda ya sa ta kuwa ba shi da bakin cewa a'a.

Sai baƙi biyu masu bindiga suka zo, suka ce za su raba ƙasar tsakaninsu. Sarki ya tura waziri ya riƙe musu igiyar awo. Da ya duba, igiyar za ta raba garinsu da rijiyar da uwarsa ke ɗiban ruwa.

"Sai yay yi mi, Inna?" na tambaya.

"Sai yar riƙe igiya."

"Bai tuɓe alkyabbar ba?"

"In ya tuɓe, wani za a yahwa ma ita, igiya ko nan dai za ta bi. Uwatai ma ta san haka. Ku tashi ku kwanta."

Haushi ya kama ni. Wane irin labari ne babu dabara, babu wanda ya ci nasara? Baba yana zaune daga bakin ƙofa, yana jin mu.

Sai da na girma na gane ba mu take ba labarin ba. Baba jakadan hakimi ne, rigar hakimi ce a wuyansa, kuma a makon nan aka sa shi ya raka Turawa. Gonar ta faɗa ɓangaren Faransa, aka ba wani. Tausayin su biyun, Inna da Baba, yana kama ni har yau. Ita ta yafe wa ɗanta tun kafin ya tafi. Shi kuwa har ya rasu, in kasuwa ta kai shi arewa, zagaye yake yi don kada ya bi ta gonar.