Awon Jinin Inna

A dogon hutun shekarata ta farko a makarantar koyon aikin lafiya da ke Katsina, na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Dutsi ɗauke da abin awon jini a jaka. Ba mai batir ba ne. Ɗamara ce da ake naɗawa a damtse, da 'yar roba da ake matsawa ta hura iska, da agogo mai allura, sai abin sauraro da ake sawa a kunne. A lokacin ban iya komai ba sai shi da wankin ciwo, amma kafin sati ya zagayo sunana ya koma Likita.

Da safe ina gona tare da Baba, da yamma in shimfiɗa tabarma a zaure. Dattawa su zo su naɗe hannun riga su miƙo. Mai ciwon haƙori ya zo a auna shi, mai ciwon gwiwa ma haka. Wani da na kwance masa ɗamarar ya ce wallahi har ya ji sauƙi. Na gaji da bayanin cewa awo ba magani ba ne, na koma karɓar ƙwan zabi da masara ina godiya. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, kullum sai ta sa na auna ta don neman magana, alhali jininta ya fi na kowa kyau a gidan.

"Wannan miji nawa," in ji ta, "ko allura bai iya ba, sai matse wa mutane hannu. Da wannan za ka ciyar da ni?"

Na auna rabin unguwa. Mutum ɗaya ce ban auna ba, kuma ita ce na fi so in auna: mahaifiyata.

Ni ne ɗan fari. Inna kuwa 'yar gidan Filani ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Iya, a can na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ɗan Iya take ce mini, shi ma sai in ba na wurin. In na gaishe ta da safe, a ciki-ciki take amsawa, fuskarta na kallon murhu. In tana son in ci abinci, ƙanwata take gaya wa, in ba ta nan ta faɗa wa iska: "Ga tuwo can yana hucewa." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba, haka na tashi na gani. Amma ba zan ɓoye ba, a makaranta in na ji abokin ɗakina yana hira da uwarsa a waya har da dariya, nakan tashi in bar masa ɗakin.

Tun farkon hutun na lura Inna na ɗaure ɗankwali tamau, ta ce wa ƙanwata ƙeyarta ke sarawa. In ta miƙe daga tsuguno sai ta dafa bango. Yayarta uwa ɗaya uba ɗaya ta faɗi a bakin rijiya shekarun baya, ɓarin jikinta ya shanye, har ta rasu ba ta ƙara magana ba. A lokacin an ce iska ce ta buge ta. A aji na ji malami yana bayanin abin da hawan jini ke yi, na zauna ina ganin matar nan kwance a kan tabarma. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na aiki ƙanwata ta ce wa Inna ina so in auna ta. Ina tsaye a tsakar gida na jiyo amsar daga ɗaki.

"Ki ce wa likitan lafiyata lau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na sami Baba a gona da maganar. Ya ce ya riga ya ce mata ta je asibiti, ta ce sai bayan girbi. Ya dogara da hauyarsa ya dube ni.

"Zan iya sa ta a mota dole. Amma in an ba ta ƙwaya, ni zan tsaya a kanta kullum har ta haɗiye? Sai in ita ta yarda tana da ciwon."

Sai na koma koya wa ƙanwata awon, tunda ta gama sakandare kuma tana da kai. Muka yi ta gwadawa a hannun Iya. Ta iya naɗa ɗamarar, ta iya hura iskar, amma bugun da ake saurara ya gagare ta. Ranar da ta shiga ta gwada a kan Inna, ta fito da lambar da ko gawa ba ta da ita. Ta ce Inna ta yi ta motsi tana cewa abin na cizo, ita kuma dariya ta hana ta jin komai.

Ana cikin haka gero ya nuna, yara suka fara gasa tumu, ruwa ya ja baya. Shugaban ajinmu ya turo saƙo a waya cewa an buɗe makaranta, rajista sati ɗaya ce, wanda ya makara ya rasa gado a ɗakin kwana, wanda ya wuce satin kuma ya jira baɗi. Na sa ranar Asabar zan tafi, in bi ta Daura in shiga motar Katsina.

Inna ta kama haɗa mini guzuri. Ba ta ce nawa ne ba, ni ma ban tambaya ba. Garin kunu, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, ƙuli-ƙuli, kowanne a ƙullinsa, ana tarawa a ɗakin Iya. Duk gidan an san babu mai son karatun nan nawa kamar Inna. Lokacin da Baba ya so in bi shi kasuwar dabbobi in bar boko, ita ce ta bi ta wajen Iya har maganar ta mutu.

Ranar Alhamis na dawo daga gona na tarar tana daka mini yaji. Na ga ta tsaya ta jingina da taɓarya, idonta a rufe. Sai ga jini yana ɗiga daga hancinta a kan zane. Ta ji motsina, ta juya baya, ta ja gefen mayafi ta toshe, ta shige ɗaki. Ƙanwata ta fito ta ce an ce haɓo ne kawai, zafin barkono.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tsaya a tsakar gida na ce da ƙarfi, yadda za a ji a kowane ɗaki, kunyar da za ta kai mutum kabari ban ga amfaninta ba. Iya ce ta kira ni daga baya, ba wasa a fuskarta.

"Da ihu za ka karya abin da ta riƙe tun kafin ka yi haƙori? Ita ba a yi mata da baki. Nemi wata hanya."

Asabar ta zo. Aka wayi gari kayan guzuri a ɗaure cikin buhu a bakin ƙofar Iya. Na yi salla, na sha kunu, na ɗauki lauje na bi Baba gona. Ban ce na fasa tafiya ba, ban ce zan tafi ba. Baba ya kalle ni a hanya, ya kalli laujen, ya ci gaba da tafiya.

Da na dawo da azahar, buhun na nan inda yake. Inna na shara, ta ce wa kaji, "Motocin Daura dai tun hantsi suka wuce." Na wuce ɗaki abina.

Washegari ma haka. Abokin ɗakina ya kira ya ce ya kama mini gado da katifarsa, amma ba zai iya riƙewa har abada ba. Gaskiya tsoro nake ji. In ta ƙi fa? Na san halinta, kuma a wajenta na gaji taurin kai. Ina yankan gero ina tunanin shekara guda a banza, da bakin mutanen zaure da za su ce an kori Likita. Amma duk sanda na yi niyyar ɗaukar buhun, sai in tuna bakin rijiyar nan. Ƙanwata ta zama 'yar aike. An ce ƙuli-ƙuli zai yi sanyi. An ce mai gado zai ba wani. An ce wai ko kuɗin mota ne babu? Duk amsa ɗaya nake bayarwa: ki ce ina jira in gama aikina ne.

Ranar Talata da sassafe ƙanwata ta ce Iya na kira, kuma an ce in zo da kayan aikina.

Na yi sallama na shiga. Iya na zaune a bakin gado tana jan carbi. A ƙasa, can kusurwa, Inna ce zaune a kan tabarma, ta juya fuska bango, ta lulluɓe kai da mayafi. Hannunta na hagu kawai ta fitar, ta ɗora a kan matashi. Iya ta fara ba ni labarin wata akuya da ta shiga gonar wake, kamar mu biyu ne kaɗai a ɗakin.

Na durƙusa. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe hannun nan ba. Ya fi yadda nake zato sirantaka, ɗamarar ta zagaye shi har ta yi saura. Akwai tsohon tabon ƙuna kusa da gwiwar hannun wanda ban san da shi ba. Ba ta motsa shi ba. Na hura iska, na sassauta, na kasa kunne. Bugun ya fara tun allura na can sama, inda ban taɓa ji ba a hannun kowa a zaure. Na ce wataƙila ni ne na ruɗe. Na jira, na sake. Bai sauka ba.

"Iya," na ce, "ya hau sosai. Ba na jiran girbi ba ne. Yau ya kamata likitan gaske ya gani."

Iya ta ajiye carbi ta dubi kusurwa. Daga cikin mayafin, a hankali, Inna ta ce, "Iya, in za a je Daura, ai sai a ɗauki buhun gaba ɗaya."

Haka aka yi. Muka shiga mota, ni a gaba kusa da direba, ita da ƙanwata a baya, buhu a but ɗin motar. A asibitin Daura muka bi layi har rana ta take. Ma'aikaciyar da ta auna ta ta sami abin da na samu, ta yi faɗa, ta ce me aka zauna jira. Likita ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri da dunƙulen miya, a dawo bayan sati biyu. Ya kuma ce maganin ba a daina shi don an ji sauƙi. Wannan ne ya fi damuna, don na san mutanenmu: ciwon kai na tafiya, ƙwaya ta koma ƙarƙashin katifa. Ni kuma ba zan dawo ba sai hutun gaba.

Daga nan muka wuce tasha. Motar Katsina saura mutum biyu ta cika, aka ɗaure buhuna a baya. Ƙanwata ta ce ƙishirwa take ji, ta tafi sayen ruwa, ta bar mu tsaye a inuwar wata rumfa. Babu Iya, babu kaji, babu wanda za a bi ta kansa. Inna na kallon ƙasa, ledar magani a hannunta. Ni ma ƙasa nake kallo. Kwandasta na ta kiran mutum ɗaya.

"Kullum ɗaya, ko?" in ji ta.

Na waiga in ga da wa take. Babu kowa.

"Kullum ɗaya, da safe," na ce. "Har ranar da ba a jin ciwon."

"To. Za a sha."

Ta gyara mayafinta. Ƙanwata ta dawo da ruwa, na shiga mota, aka rufe ƙofa. Iyakar hirar da na taɓa yi da mahaifiyata ke nan baki da baki, kuma har muka shiga Katsina ina maimaita ta a raina.